Kindirmo a Ainu Shams

Baba ya sauka Alƙahira a tsakiyar sanyi, sanye da wata rigar sanyi da ya aro wajen maƙwabcinsa, Yayata na biye da shi riƙe da jakar takardun asibiti. Ina shekara ta uku a lokacin, ina karatun injiniyan lantarki, kuma ni na dage a kawo shi. Likitocin gida sun ce ciwon daji ne a tumbinsa, suka ba mu haƙuri. Ni kuwa na ce ba a nan take ba, a Masar akwai na'urori, akwai ƙwararru. Aka sayar da gonarmu ta bakin titi, aka yanki tikiti.

Da na rungume shi a filin jirgi, ƙashi kawai na ji. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan tirela tsakanin Gusau da Legas, wanda yake ɗaga tayar mota shi kaɗai, sai ga shi ina iya zagaye shi da hannu ɗaya.

“Injiniya,” ya ce, don haka yake kirana tun ina yaro ina farke masa rediyo, “ashe garin naku sanyi gare shi haka? Ni da aka ce min hamada ce.”

Ɗakin da nake zaune a Madinat Nasr mu shida ne a ciki, ba wurin ajiye mara lafiya ba ne. Na kama mana wani ɗan gida a Ainu Shams, hawa na biyu, a saman shagon mai guga. Lungun ƙunci ne da shi, rana ba ta shigowa sai dab da azahar, ta ɗan leƙo ta wuce. Daga nan muke kai shi asibiti ana ɗura masa maganin nan ta jijiya, wanda Misirawa ke kira kimawi.

Bayan ɗuri na biyu ya daina cin abinci. Yaya ta zo da kuka da daddawa da garin masara daga gida, ta tuƙa tuwo mai laushi kamar na jariri, ya kalla ya kau da kai. Ta yi fate, ta yi kunun tsamiya, ta yi romon kaza. Sai ya kai cokali ɗaya baki, ya riƙe, ya ajiye. Wata ranar bayan la'asar, yana kwance cikin bargo, ya ce da ita, “Uwata, da zan samu kindirmo.” Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran ta da wani suna ba.

Ya shiga ba mu labarin wata mata da ke zama gindin wata bishiyar ɗorawa kafin a shiga Tsafe, inda yake tsayar da mota duk dawowarsa daga kudu. Kindirmonta, in ji shi, in ka sa ludayi sai ya bar rami, ramin kuma ba ya rufewa. Tsaminsa ba ya dukan harshe, sai ka haɗiye sannan ya biyo baya. Rabon da na ji ya yi doguwar magana haka tun saukarsa. Kafin ya rufe baki na sauka ƙasa na sayo zabadi, wato yogot ɗin Misirawa, a ƙananan robobi. Ya ɗanɗana, ya miƙo min.

“Wannan ai ba rai a cikinsa.”

Yaya ta ce za ta gwada da kanta. Ta sayo ɗanyar madara wajen mai madarar unguwa, ta tafasa, ta bari ta huce, ta zuba ɗan zabadi, ta naɗe tukunyar da bargo. Washegari muka buɗe, ruwa ne tsululu, sanyin gidan bai bar shi ya kwanta ba. Ta sake, ta ajiye kusa da murhun gas, wannan karon ya tsinke, ruwa gefe gudaji gefe, da wari. Ta zauna a ƙasan kicin ta zuba tagumi. A nan na ce a raina, wannan kam matsala ce irin wadda aka koya min. Ciwon da ke cikinsa ban san ta inda zan kama shi ba. Amma zafi da sanyi, wannan aikina ne.

Akwai masu yawo da amalanke a lungunanmu suna sayen tsofaffin kaya, suna ihun “bikiya, bikiya.” Wajen ɗaya daga cikinsu na samu ƙaramin firiji, ƙofarsa ta lotsa amma injinsa na tashi. Ni da mai gadin gidan muka hau da shi, yana nishi yana tambayata me zan yi da gawar firiji. Sauran kayan na hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, na je kasuwar kayan lantarki ta Babul Luƙ na tsinto: ɗan allon kwamfuta wanda bai kai tafin hannu ba, ma'aunin zafi mai doguwar waya, rile guda biyu, wato makunnan da allon zai riƙa kunnawa da kashewa da kansa, fankar tsohuwar kwamfuta, da ƙwan lantarki irin na da, mai zafi.

Dabarar ba wuya. A sa madara a ciki a rufe. Idan ma'auni ya ga ciki ya yi sanyi, allo ya kunna ƙwai, fanka ta watsa ɗumin. Idan ya yi yawa, ya kashe. Haka zai riƙe ɗumi ɗaya har nonon ya kwanta, daga nan ya kashe ƙwai gaba ɗaya ya tayar da injin firijin, don kada tsami ya wuce gona da iri. Ba sai mutum ya tsaya a kai ba.

A falo na baza kayan, saboda nan ne kawai da haske. Baba ya sa aka jawo masa katifa ya jingina da bango yana kallo. Ina narka dalma, yana toshe hanci. Na yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya.

“Duk wannan Turancin? Ai irin na tirela ne. Inji ya yi zafi, fanka ta tashi.”

“Shi ne, Baba.”

“To ka ɗaure wayar nan da kyau. Jijjiga ce ke kashe waya, ba wuta ba.”

Na ce masa firiji ba ya tafiya Legas. Ya ce duk da haka in ɗaure. Na ɗaure. Waɗannan kwanaki su ne mafi daɗi da muka yi a gidan nan. Yana riƙe min filaya, yana yi min faɗa in na bar sukuru a ƙasa, har wata rana ya sha rabin kofin kunu bai sani ba, hankalinsa na kan ƙwan da ke kunna kansa yana kashewa.

Gwajin farko ya ƙone. Na sa ƙwan kusa da tukunya, gefe ɗaya ya dahu kamar awara. Na yanko gwangwani na yi masa kariya. Na biyu ya fara kyau, sai aka ɗauke wuta, don a shekarar ana rabon wutar ne unguwa-unguwa, kullum sai an ɗauke na wani lokaci. Da wutar ta dawo, allon ya manta inda ya tsaya, ya faro lissafi daga farko, nonon ya yi ta zama cikin ɗumi har ya zama abin da ko kare ba zai sha ba. Na koma kasuwa na sayo ɗan agogo mai batir na haɗa masa, na samo batirin babur da zai riƙe allon da fanka, na lulluɓe cikin firijin da soso don ya tsare ɗumi. Darussa kuwa na fara tsallakewa. Abokan ajina na turo min abin da aka yi, ina buɗewa ina rufewa.

A ƙarshe injin ya daidaita. Nono ya kwanta sumul, fari tas, ya yi sanyi da kansa. Na kai wa Baba. Ya sa cokali, ya tauna kamar mai cin tuwo, ya haɗiye.

“Ya yi kyau a ido,” ya ce. “Amma na robar nan ne dai, ka ƙara masa girma.”

Gaskiyarsa. Da zabadi na haɗa, zabadi na samu. Irin da za a zuba a madarar, wato ɗan kindirmon gida da zai sa ta kwanta, shi ne ba ni da shi, kuma babu shi a duk faɗin Masar. Ga madarar ma ta baunar da suke kiwo ce, ba ta saniya ba, maiƙonta ya yi yawa.

Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa mutumin Maraɗi da muke haɗuwa a masallacin unguwa, yana sarin abaya da turare yana kaiwa gida. Na tare shi bayan sallar Juma'a na faɗa masa buƙatata, ina jin nauyin maganar. Bai yi dariya ba, sai ya fara da ɗan Faransancinsu na Nijar.

“Bon, ƙanena, kindirmo ne kawai? Na ɗauko wa mutane abin da ya fi wannan wahala. Ka bar min.”

Ya tafi ya dawo, mu kuma muna ta zaryar asibiti. A tsakanin nan gashin Baba ya zube, gemun da yake ji da shi ya koma ɗai-ɗai, faratansa suka yi baƙi. Ya daina fitowa falo. Ranar da Alhajin ya dawo, da kansa ya hawo benen da jaka a hannu. Ya fito da fulas, a ciki kindirmo ne da matarsa ta daskarar ya zama ƙanƙara, sannan ya fito da wata tsohuwar ƙwarya naɗe cikin zane, wadda aka daɗe ana ajiye nono a cikinta, cikinta ya yi santsi. Ya ce surukarsa ce ta bayar, ta ce a gaishe da mara lafiya. Ya shiga ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi masa addu'a. Da zai fita na raka shi bakin bene, ya dafa kafaɗata, sannan ya sauka.

Na bi unguwanni har na sami mai sayar da madarar saniya zalla. Irin ya sha wahalar hanya, zubin farko ya fito da rauni. Na ɗebi na saman na sake zubawa, na rage ɗumin zuwa digiri talatin da 'yan kai, na ƙara masa lokaci. A zubi na gaba, da na buɗe ƙofar firijin da safe, ƙamshin ne ya fara bugo ni. Na tsaya riƙe da ƙofar. Ƙamshin tashar motar garinmu ne, gefen da mata ke jera ƙore. Yaya ta zo ta sa ludayi, ya bar rami. Ta kai baki, ta rufe ido, hawaye ya zubo mata.

“Wallahi shi ne,” ta ce. “Shi ne.”

Muka shiga tare. Ta tayar da shi zaune, ta sa masa matashi a baya, na riƙe ƙwaryar. Ya kalli ramin ludayin ya yi murmushi, ya ce, “Kai, Injiniya.” Ya yi bisimilla ya sha. Muna kallon maƙogwaronsa. Ya sake ɗiba, ya riƙe a baki, ya juya shi da harshe. Sai na ga fuskarsa ta canja, kamar wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansa ya ji ba kowa.

“Uwata, ke kin ji daɗinsa?”

“Na ji, Baba.”

“To madalla.” Ya ajiye ludayin a hankali. “Ni kamar na tsotsi ƙusa. Ba laifin nonon ba ne. Bakina ne ya riga ni tafiya.”

Likita ya taɓa gaya mana cewa maganin na kashe ɗanɗano, na ji da kunnena, ni na ma fassara wa Yaya. Amma ban taɓa haɗa wannan maganar da abin da nake ginawa ba. Ko a ranar ma ban yarda ba. Na ce wataƙila tsamin bai kai ba, wanda harshensa ya yi nauyi sai an ƙara masa. Na ƙara lokaci. Na rage. Na gwada da zuma, na gwada da furar da Yaya ta kirɓa a turmin ƙarfe. Kullum da safe in kai masa, kullum ya karɓa ya sha cokali ɗaya saboda ni, ya ce, “Allah ya yi maka albarka,” ya miƙo. Daga baya ko cokali ɗayan ba ya zama, sai ya dawo da shi.

Wata rana ina tsugune gaban firijin ina canja lambobi, Yaya ta tsaya a kaina.

“Ka tashi ka je ka zauna da shi.”

“Bari in gama wannan, Yaya, saura kaɗan.”

“Babu abin da ya saura. Nonon ya yi. Ya yi tuntuni. Tashi.”

Na tashi na shiga. Yana kwance yana kallon silin. Na zauna bakin katifa. Na kama ƙafarsa ina matsa masa. Daga falo muna jin rile na yin ƙas, ya yi shiru, ya sake yin ƙas.

A zuwanmu asibiti na gaba, likitan ya duba hotuna, ya cire tabarau, ya kira ni gefe. Ya ce maganin bai yi aiki ba, ciwon ya kai hanta. “Ma'alish, sai haƙuri, ɗana. Ku mai da shi cikin danginsa.” Na tsaya a barandar asibitin ina neman Hausar da zan faɗa wa Baba wannan magana. Ban sha wahala ba, yana ganin fuskata ya ce, “Khalas ko?” Kalmar Larabcin Masar ɗaya da ya koya ke nan, wato an gama. Sannan ya ce, “To ku kai ni gida. Ina so a sa ni kusa da mahaifiyarku.”

Jirgi ba ya ɗaukar mai irin jikinsa sai likita ya tabbatar zai iya jure tafiyar, likita kuma ya ce a bari ya ɗan yi ƙarfi. Ƙarfin bai zo ba. Kowace safiya in na shiga gaishe shi, tambayarsa ɗaya, “Yau ne?” In ce, “Gobe, in sha Allahu.” Ya gyaɗa kai.

Ranar da ya rasu ba na gidan. Da hantsi ne, na tafi unguwar Zamalek neman wanda zai taimaka mana da maganar tafiyar, ina cikin tasi a kan gada, cunkoso ya tsayar da mu. Yaya ta kira. Ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, “Ka dawo, ba sai ka ƙarasa ba.” Direban ya ga yadda na riƙe wayar, ya kashe rediyonsa, ya yi ta salati har muka sauka gadar. Yaya ta gaya min daga baya cewa Baba ya tambaye ni, ta ce na je neman jirgi, ya ce to.

Ɗaukar gawa zuwa gida ya fi ƙarfinmu, babu sauran abin sayarwa. Ɗalibai suka taru, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, wasu ban taɓa ganinsu ba. Su suka yi masa wanka, su suka bi takardu, Alhajin Maraɗi ya kawo likkafani. Muka cika motoci biyu muka fita bayan gari, can inda gine-gine suka ƙare sai rairayi, wata maƙabarta da ake binne baƙi. Na shiga ramin na karɓe shi. Bai fi nauyin yaro ba. Ƙasar ba ja ba ce irin tamu, fara ce, tana zubowa kafin a tura ta.

Da muka dawo gida, falon cike da masu ta'aziyya, Yaya na neman abin da za a ba mutane. Ta buɗe firijin. Madarar da na zuba da asuba kafin in fita ta kwanta, injin ya kashe ƙwai a kan lokaci, ya sanyaya ta, bai kuskure komai ba. Ta dama da sauran furar, aka zagaya da kofuna. Na ga samari masu gemu suna sha suna sunkuyar da kai. Wani ɗan Sakkwato da ya shekara biyar bai je gida ba ya matso kusa da ni, ya yi min ta'aziyya, sannan ya yi ƙasa da murya ya tambaya a ina aka samo. Na nuna masa firijin. Ya ce don Allah in na huce in riƙa yi ina sayar musu. Na ce to, don ya ƙyale ni.

Yaya ta koma gida bayan sadakar bakwai, da jakar Baba da rigar sanyin maƙwabci. A filin jirgi ta ce in biyo ta da zarar na gama jarrabawa. Jarrabawar na shiga, na zauna, na kalli takarda. Na faɗi darussan da suka isa a cire ni daga tallafin karatu, aka kuwa cire ni. Na saki gidan Ainu Shams na koma wajen abokaina, firijin kuma babu inda za a sa shi, ya zauna a baranda, rana na dukansa. Irin kindirmo yana son a riƙa sabunta shi. Na yi ta yi na ɗan lokaci, ina zubawa, yana kwanciya, 'yan ɗakinmu na shanyewa, ni ban iya kai shi baki. Da zafi ya shigo na yi sati ban buɗe ba, sannan wani satin. Ranar da na buɗe, ƙwaryar ta yi gashi kore da baƙi. Na ɗaure ta a leda na sauka da ita na jefa a shara.

Har yanzu ina Alƙahira. Ina gyaran waya a shagon wani Bamisire, ina cewa zan koma makaranta baɗi, baɗin na zuwa tana wucewa. Duk sanda Yaya ta kira sai ta ce me nake jira, ƙannen Baba ma sun gaji da tambaya. Ban iya gaya musu ba. Ni na kawo shi ƙasar nan, in na tafi babu mai zuwa inda yake.

Nakan je wasu Juma'o'in. Mota biyu ake hawa, sannan a taka da ƙafa. Wurin ya cika sosai yanzu, an yi sabbin layuka ta kowane gefe, iska kuma ta kwashe fentin da na rubuta a jikin dutsen. Zuwana na ƙarshe na daɗe ina zagaye tsakanin kaburbura biyu da ke jere, na kasa tantance wanne ne. Mai gadin wurin sabo ne, bai sani ba. Na tsaya a tsakaninsu na yi addu'a, na juyo na kama hanyar titi kafin motocin komawa gari su ƙare.